Idan an yi babban kuskure a asibiti, wa ake fara gaya wa, kuma da wane baki?

Ɗalibar Ungozoma: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni. A makaranta ana ta nanata mana yadda ake kauce wa kuskure: a duba sunan mara lafiya, a duba magani, yawansa, hanyar da za a ba shi da lokacinsa. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne me mutum zai buɗe baki ya ce in kuskuren ya riga ya auku. Abin da kunne ya saba ji shi ne "tsautsayi ne", ko "kwana ne ya ƙare", ko kowa ya yi gum. Shin wannan magana tana da ƙa'ida?

Matron Mai Ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Tana da ƙa'ida. Maganar farko ta ceton rai ce, da babban da ke kan duti ake yin ta, da baki ko ta waya, cikin minti ɗaya ko biyu. Ban haƙuri da cike takarda duk suna baya.

Tunda ke ta ɗakin haihuwa ce, ɗauki magnesiyam salfet da ake yi wa mai jijjiga. 'Yar kwalbar da aka fi samu mai ƙarfin kashi 50 cikin ɗari ce, kowane mil 2 giram 1 ke nan, mil 10 giram 5. Allurar farko giram 14 ce gaba ɗaya: giram 4 ta jijiya a hankali, bayan an sirka mil 8 na maganin da mil 12 na ruwan allura, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu. Daga nan giram 5 duk bayan awa 4. Wuraren da ƙafa ke zamewa sanannu ne. Ko a tura giram 10 na ɗuwawu ta jijiya, ko a maimaita allurar farko ga matar da aka riga aka yi wa a ƙaramin asibitin da ya turo ta don takardar ba ta faɗa ba, ko a ci gaba da ta awa huɗu-huɗu alhali fitsari ya tsaya. Ƙoda ce ke fitar da maganin, in ta ja baya sai ya taru a jini. Gwiwa ta daina harbawa in an buga ta, numfashi ya yi ƙasa, daga nan sai zuciya.

Wadda ta gane ta yi haka, ga abin da ya kamata ya fito daga bakinta: "Dakta, mai jijjigar gado na huɗu. Na tura mata magnesiyam giram 10 ta jijiya maimakon ɗuwawu, ƙarfe biyu da minti goma. Numfashinta 10 a minti, gwiwa ba ta harbawa. Kalsiyam gulukonet na hannuna. Ku zo yanzu." Da jin haka likita ya san zai ba da giram 1 na kalsiyam ɗin, makarin magnesiyam, wato mil 10 na mai kashi 10 cikin ɗari, ta jijiya a hankali, a kuma tallafi numfashi da jakar hura iska. In kuwa aka ce masa "Dakta, mai gado huɗu jikinta ya rikice", zai zo yana tunanin zubar jini a ƙwaƙwalwa ko ruwa a huhu, ya ɓata minti goma yana laluben abin da wata a ɗakin ta riga ta sani.

Mai Harhaɗa Magani: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni abin da zan ƙara shi ne lamba. "Ya ɗan yi yawa" ba bayani ba ne, "na ba shi kwalba biyu" ma haka, domin magani ɗaya yakan zo da ƙarfi iri-iri. Jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, na manya miligiram 80 ne a mil 2, wato 40 a kowane mil. Jariri mai kilo 3 da aka rubuta wa miligiram 5 a kowane kilo, miligiram 15 zai samu, bai ma kai mil 0.4 ba. In mai rubutu ya sa .4 babu sifili a gaba, ɗigon ya ɓace a layin takarda, aka ja mil 4, an ninka sau goma. Saboda haka mai ba da rahoto ya faɗi duka biyu: mil nawa ya ja, kuma ƙarfin da ke rubuce a jikin kwalbar nawa ne. Kuma kada a jefar da kwalbar da sirinjin. Hannu yakan yi saurin kai su kwandon shara, ko don tsoro ko don sabo, alhali su ne kaɗai shaidar abin da ya shiga jikin mutum.

Akwai magungunan da shirun kansa ne ke kisa. Farasitamol da aka ba yaro fiye da ƙima, ranar farko yaron garau yake, wanda ya yi kuskuren sai ya ga kamar Allah ya rufa asiri. Hanta sai kwana na biyu ko na uku take nuna ta taɓu, maganin da ke kare ta kuwa ya fi aiki in an fara shi cikin awa 8. Insulin ma haka. Mil 1 yunit 100 ne. A rubuta 10U, wato yunit 10, a ɗauki U ɗin sifili ne a karanta 100, ko a ja da sirinjin da ba na insulin ba. In an faɗa nan take, abin mai sauƙi ne: a riƙa gwada sukari a kai a kai, a sa ruwan gulukos, a tsare shi har ƙarfin allurar ya wuce, wanda ga mai dogon zango yana iya kai wa awa 24. In an yi shiru da dare, da safe a tarar da shi a sume, masu jinya suna cewa barci yake tun jiya.

Na Ɗakin Gwajin Jini: A ƙarin jini akwai abin da mutane ke mantawa. In aka sa wa wani ledar jinin da ba tasa ba, galibi akwai wata ledar da ke kan hanyar zuwa wajen mutum na biyu, domin musanya aka yi. Don haka bayan an tsayar da jinin, an cire robar gaba ɗaya an sa sabuwa da ruwan gishiri don jijiyar ta zauna a buɗe, an kira likita, waya ta gaba tamu ce. A faɗa mana lambar leda, sunan da ke jikinta, sunan wanda aka sa wa, da kimanin mil nawa ya shiga. A dawo mana da ledar da robarta, da sabon jinin gwaji daga ɗaya hannun, a kuma sa ido kan launin fitsari da yawansa. Alamun sukan fito cikin minti 15 na farko: zazzaɓi, rawar ɗari, ciwon ƙugu, ƙuncin ƙirji. Abin da ke ɓata mana rai shi ne a rubuto "jikinsa bai karɓi jinin ba". Wannan jimla tana ɗora laifi kan jikin mara lafiya, mu kuma mu shiga neman wata cuta ta daban, ledar ta biyu tana can tana ɗiga.

Nas Dutin Dare: Duk na ji, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma iyayena ku faɗi ɗaya ɓangaren. Wa ake kora in magana ta fito? Ƙaramar nas. Wa 'yan uwan mara lafiya ke tarewa a bakin ƙofa? Wadda suka gani da sirinji. Mutum ɗaya a kan gado talatin da fitilar waya, in ya zame a ce shi ne sakarai. Kuma kada a ce mana a Turai ana tausaya wa mai faɗin gaskiya. Ga misalin wata nas, RaDonda Vaught, a asibitin Vanderbilt na jihar Tenesi a Amurka, Disambar 2017. An aike ta ta yi wa wata dattijuwa allurar Versed ta kwantar da hankali kafin ɗaukar hoto. Ta danna haruffa biyu, VE, a na'urar ajiyar magani, bai fito ba, ta tsallake shingen na'urar ta ɗauko bekuroniyam, maganin da ke shanye jiki har numfashi. Matar ta rasu. Ita da bakinta ta faɗi abin da ta yi a ranar, ba ta ɓoye ba. An ƙwace lasisinta, a 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka sa ta ƙarƙashin sa ido na shekara 3. To wace nas ce za ta ji wannan ta yi marmarin buɗe baki?

Likitan Yara: 'Yar uwa, tsoronki yana da tushe. Mu ma likitoci muna da namu misalin, kuma ta gida ce: Dakta Hadiza Bawa-Garba a Lesta ta Ingila. Fabrairun 2011 yaro ɗan shekara 6 ya rasu a hannunta da gubar ƙwayoyin cuta a jini. Ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, tana riƙe da ɗakuna da yawa, kwamfutar sakamakon gwaji ta samu matsala ranar. Ta yi kurakurai na gaske, har da tsayar da farfaɗo da shi na ɗan lokaci don ta ɗauka wani yaron ne da aka rubuta kada a farfaɗo da shi. A 2015 aka yanke mata ɗaurin shekara 2 na jeka-ka-gyara-halinka, a Janairun 2018 aka soke sunanta daga rajistar likitoci, a Agustan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita. Likitoci da yawa a can sun shiga ɗari-ɗari da rubuta kurakuransu bayan wannan.

Amma ki duba na Vaught da kyau. Asibitin bai kai rahoton abin ga hukuma yadda doka ta ce ba, an kuma rubuta mutuwar kamar ta rashin lafiya ce kawai. Sai da wani ya tsegunta a ɓoye a 2018 masu bincike suka shigo. Rufa-rufar manya ce ta sa da abin ya fashe ya fashe da ƙarfi, ya faɗa kan wadda ta fi kowa faɗin gaskiya. Sannan ita ma akwai abin cewa a kanta: bekuroniyam gari ne da sai an narkar, Versed ruwa ne, kuma a murfin kwalbar akwai gargaɗi a rubuce. Wanda ya ce tsarin asibiti ne kaɗai da laifi bai yi adalci ba, wanda ya ce ita kaɗai ce shi ma haka.

Nas Dutin Dare: Na yarda Dakta. Amma har yanzu ba ku ba ni abin da zai kare ni ba.

Barista: Bari in shigo nan, Sista. Abin da ya fi kare ki shi ne fayil da ba a taɓa shi ba. Mafi yawan waɗanda suka faɗa rami ba kuskuren farko ne ya jefa su ba, gyaran takarda ne bayan haka: a goge lamba, a yage shafi, a cusa awon numfashin da ba a yi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014, sashe na 29, ta mai da sauya bayanan mara lafiya da gangan laifi mai zaman kansa da zai iya kai mutum kurkuku. Kuskuren allura ana iya samun uzuri a kansa gaban Majalisar Nas da Ungozomomi ko kwamitin binciken Majalisar Likitoci. Gogen fayil ba shi da uzuri, kuma yana sa a daina gaskata duk sauran abin da kika rubuta.

In za ki ƙara bayani daga baya, ki rubuta a sabon layi, da kwanan wata da lokacin da kike rubutun, ki nuna cewa ƙari ne kan abin da ya faru ƙarfe kaza, ki sa hannu. In kin yi kuskuren rubutu, layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta na ƙasa. Abin da ido ya gani da hannu ya yi ake rubutawa: me aka rubuta, me aka bayar, yaushe aka gane, wa aka kira, ƙarfe nawa ya zo. In ke kaɗai ce a kan gado talatin, ki rubuta adadin a takardar rahoto, gaskiya ce. Amma kada ki rubuta "na yi sakaci", kada kuma ki rubuta "laifin famasi ne". Wannan hukunci ne, kuma ba aikinki ba ne da ƙarfe ukun dare. Sannan ki sanar da ƙungiyarku ta ma'aikata da wuri, kada ki shiga zaman bincike ke kaɗai.

Game da zaton cewa faɗin gaskiya na jawo ƙara kotu, asibitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka sun gwada akasin haka tun daga 2001: su sanar, su ba da haƙuri, in laifinsu ne su yi tayin diyya da kansu. Nazarin da aka buga a 2010 ya nuna ƙararrakin da ake kai su kotu sun ragu da fiye da rabi. A Ingila ma dokar 2006 ta fayyace cewa ban haƙuri shi kaɗai ba amsa laifin sakaci ba ne, daga 2014 kuma aka wajabta wa asibitocin gwamnati sanar da mara lafiya in an cutar da shi. Abin da ya fi tura dangi wajen lauya shi ne su ji labarin daga bakin mai shara bayan wata biyu.

Ɗalibar Ungozoma: To ai mu nan da an yi magana sai a ce a bar wa Allah, ƙaddara ce. Wani lokaci ma dangin ne ke fara faɗa. Malam yana nan kuwa?

Malamin Fiƙihu: Ina nan 'yata, ina bin ku. Imani da ƙaddara wajibi ne, babu ja. Amma malamai sun bambance: wanda musiba ta sama shi ne ke samun sanyi da ambaton ƙaddara, wanda aibin ya fito daga hannunsa ba ya kafa hujja da ita. In uban yaro ya ce "haka Allah ya so", ya yi kyakkyawan haƙuri. In wanda ya yi allurar ne ya riga shi faɗa don a rufe zancen, ya ɗauki kalmar gaskiya ya yi garkuwa da ita. Da Sayyidina Umar ya juya da mutane daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Bincika sababi ba ya cin karo da imani.

Sannan a rarrabe zunubi da lamuni. Mai kuskure na gaskiya an ɗauke masa zunubi, ƙarshen Baƙara ya nuna haka. Haƙƙin mutane kuwa yana nan. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere, da diyya ga iyalan mamaci, sai fa in sun yafe. Diyyar raƙumi 100 ce ko dinari 1,000 na zinare, kuma a kisan kuskure dangin mai laifin na wajen uba ne ke haɗa ta cikin shekara 3, ba shi kaɗai ba. Malamin fiƙihu Ibn Rushd ya kawo cewa malamai sun haɗu kan likita in ya yi kuskure diyya ta hau, ya ma ba da misali da mai kaciya da ya wuce iyaka. Wanda kuma bai san aikin ba ya shiga yi, hadisin Abu Dawud ya ce shi mai lamuni ne, wannan ya shafi mai kemis da ke ɗaura ruwa a bayan kanti.

Ku lura da "sai fa in sun yafe". Yafiya haƙƙinsu ce. Wanda aka ɓoye wa cewa akwai abin yafewa, an ƙwace masa diyyar an kuma ƙwace masa ladan yafewar.

Matron Mai Ritaya: Allah ya gafarta Malam, wannan ta ƙarshe ta isa. Sai dai zan ja hankali kan neman yafiyar kanta. A zaman farko da dangi kada a ce "ku yafe mana". Bahaushe yana da kunya, ga gawa ko ga mara lafiya a kwance, ga manyan likitoci sun kewaye shi, zai ce "ba komai" alhali bai ma fahimci abin da aka ce ba. Bayan kwana bakwai ya zauna da 'yan uwa ya ga kamar an yi masa wayo. A ce "muna ba ku haƙuri, wannan bai kamata ya faru ba", a tsaya nan. Yafiya su za su kawo ta in sun shirya.

Malamin Fiƙihu: Haka ne Hajiya. Abin da aka karɓa da ƙarfin kunya ba kyauta ba ce.

Matron Mai Ritaya: Yadda ake zaman kuwa, babban likitan da ke da mara lafiyar ne ke magana, ba wadda ta yi kuskuren ba, tare da babbar nas a matsayin shaida. Cikin awa 24, ba sai an gama bincike ba. A ɗaki mai ƙofa, kowa a zaune, ba a baranda ba. In mara lafiyar tana cikin hayyacinta ita ce ta farko, ita za ta zaɓi wanda zai zauna da ita. Wannan yana da muhimmanci a wajenmu, don sau da yawa a kira miji ko wan miji a yi musu bayani, mai jikin tana kwance ba ta san an cire mata mahaifa ba. In ba ta cikin hayyacinta ko ta rasu, mutum biyu ko uku na kusa, har da dattijon da ake jin maganarsa. Masu gadi su san ana zaman, su kasance kusa, amma ba a cikin ɗakin ba.

A fara da tambayarsu abin da suka riga suka sani. Sannan a faɗa da Hausar da kaka za ta gane: "An yi mata allurar da ta fi abin da aka rubuta yawa. Shi ya sa numfashinta ya yi ƙasa. Mun ba ta makarinsa, yanzu tana kaza. Dalilin da ya sa hakan ta faru muna bincikawa, ranar Alhamis ƙarfe goma za mu zauna da ku mu faɗa muku abin da muka gano." Bayan haka a yi shiru a bar su su yi kuka ko faɗa. Ranar Alhamis ɗin kuma a cika alkawari. Kalmomin da ke lalata zaman: "an samu 'yar matsala", "da ma jikinta ya yi rauni", da mafi muni, "da kun kawo ta da wuri". Ko da gaskiya ne sun makara, ba ranar faɗarsa ba ce. Kuma asibiti ya ɗauke musu kuɗin duk jinyar da kuskuren ya jawo. Ba a ba mutum haƙuri da safe a miƙa masa takardar biya da yamma.

Nas Ɗakin Tiyata: Akwai magana tun kafin a kai ga dangi, wato ƙarami ya ga babba zai yi kuskure. Mu a tiyata ƙirgen ƙyallen tsane jini da kayan aiki ake yi da ƙarfi, mutum biyu, kafin a yanka, kafin a rufe ciki, da lokacin ɗinke fata. In an buɗe ƙyalle 20 aka ƙirga 19, ba a cewa "Sir, kamar dai..." Cewa ake yi "Ƙirge bai cika ba, saura ɗaya, a dakata da rufewa." A duba cikin, a duba bokiti, ƙasa, ƙarƙashin zanen tiyata, in ba a gani ba a ɗauki hoto, shi ya sa ake son ƙyalle mai zaren da ke fitowa a hoto. Tarbiyyarmu ta hana yaro katse babba, to a nan tarbiyyar kan bar ƙyalle a cikin mutum. Dabarar ita ce a faɗi lamba maimakon a faɗi laifi, babu likitan da zai ji an raina shi don an ce 19. Jerin tambayoyin tiyata na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008 ya sa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara, domin bakin da ya buɗe sau ɗaya ya fi saurin buɗewa karo na biyu. A asibitoci 8 da aka gwada shi, mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari.

Likitan Yara: Daga matuƙa jirgin sama aka koyo wannan. Bayan karon jirage biyu a tsibirin Tenerif na Sifen a 1977, inda mutum 583 suka mutu, aka gyara har kalmomin da ake faɗa a rediyo, aka kuma koya wa mataimaki ya ja da kyaftin. Wani abu nasu da ya kamata mu ɗauka shi ne maimaita umarni. In na ce ta waya a ba da miligiram goma sha biyar, nas ta maimaita "sha biyar, ɗaya da biyar", in ce haka ne. Da Turanci sha biyar da hamsin kusan sauti ɗaya ne a waya mai ƙara.

Mai Harhaɗa Magani: Saura zaman bita, inda galibi ake kashe maganar. A tara mutane, a tsayar da yarinya, a tambaye ta "ke ba ki da ido ne?", a rufe da "a ƙara kula". Ƙara kula ba gyara ba ne, domin wadda ta yi kuskuren ma tana ganin ta kula. Tambayar da ta fi amfani: in aka ɗauko wata nas mai irin iliminta aka sa ta a wannan daren, da wannan kwalba da wannan rubutu, za ta iya yin haka? In amsar e ce, hukunta wannan ba zai hana ta gaba ba. In kuwa ta zo aiki a buge ne, ko an hana ta abu ta yi da gangan, wannan ganganci ne, hukuncinsa daban.

Misalin gyara na gaske fotasiyam kulorayid ne, maganin da ake ba wanda gishirin fotasiyam ya yi ƙasa a jininsa. 'Yar kwalbar mil 10 mai kashi 15 cikin ɗari tana kama da ta ruwan allura, in aka tura ta kai tsaye ta jijiya zuciya tsayawa take. Shekaru ana gargaɗi ana mutuwa. Abin da ya rage shi a Ingila da Amurka shi ne kwashe kwalaben daga ɗakunan marasa lafiya, a bar su a famasi ko a kulle daban, a riƙa kawo wanda aka riga aka sirka a leda. Haka binkiristin, maganin masu ciwon daji, wanda in ya shiga ruwan ƙashin baya kusan ba a tsira: aka koma haɗa shi a ƙaramar ledar ƙarin ruwa maimakon sirinji, don leda ba ta shiga allurar baya. Duk wannan daga bakin waɗanda suka faɗi yadda hannunsu ya kai ga kwalbar aka samo shi.

Matron Mai Ritaya: Kuma wadda ta yi kuskuren a ɗauke ta daga raba magani a sauran dutin, don hannun da ke rawa shi ke yin na biyu. A gaya mata sarai cewa hutu ne ba kora ba. Kada a bar ta ta koma gida ita kaɗai da dare, a samu wata babba ta kira ta washegari. Masu gulma a ɗakin canza kaya kuma babbar nas ta taka musu burki tun ranar farko.

Nas Dutin Dare: In har manya za su yi wannan, mu ƙanana faɗa ba zai yi mana wuya ba. Matsalar dai a fara daga sama.

Ɗalibar Ungozoma: Na gode ƙwarai iyayena. Tambaya ta ƙarshe: in mutum ya ja maganin da ba shi ba a sirinji, amma ya gane kafin ya yi allurar, babu wanda ya cutu, shi ma sai an faɗa?

Mai Harhaɗa Magani: Shi ne ma ya fi daɗin faɗa, ƙanwata, tunda babu gawa babu kotu. Ba sai an tara dangi ba, amma a gaya wa babbar nas a rubuta a littafin rahoto: wane magani aka nufa, wane aka ɗauka, a ina suke ajiye, ƙarfe nawa, me ya sa aka gane. Ki ɗauki hoton kwalaben biyu a jere ki turo wa famasi. In kamanninsu ne matsalar za mu raba musu wurin ajiya, mu manna wa mai haɗarin jan tambari, mu kuma duba ko za a sauya kamfanin da ake saye a odar gaba. In kuma lakabin kwalbar ne da kansa ke ruɗarwa, akwai fom ɗin rahoton magani na NAFDAC, mu za mu cike shi.